Motsin da Jariri Ke Zuwa da Shi Duniya: Yadda Za Ki Gane Ya Tafi a Kan Lokaci, da Abin Yi Idan Ya Ƙi Tafiya

Ki sa yatsanki a tafin hannun jaririn da aka haifa jiya, zai damƙe shi gam. Ki shafa masa kumatu, zai juyo da baki yana neman nono. A buga ƙofa da ƙarfi, sai ya zabura ya ware hannuwa, sannan ya tattaro su ƙirji yana kuka. Babu wanda ya koya masa ko ɗaya daga ciki, kuma ba da niyya yake yi ba. Umarnin yana fitowa ne daga gindin ƙwaƙwalwa, wurin da ta haɗu da laka, sashen da ya fara aiki tun yaro yana ciki. Da wannan motsin jarirantaka yake cin abincinsa ya kare kansa a watannin farko, kafin saman ƙwaƙwalwa, mai kula da motsin da mutum ke yi da son ransa, ya yi ƙwari.

Idan saman ƙwaƙwalwa ya fara ƙwari, sai ya riƙa danne motsin nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lokacinsa. Dole kuwa su kauce. Hannun da ke damƙewa da kansa ba zai iya ɗaukar abu ya ajiye ba. Yaron da hannunsa ke miƙewa duk lokacin da ya juya kai ba zai iya kai loma baki ba, ba zai iya juyawa daga rigingine zuwa rubda ciki ba. Saboda haka idan motsin ya daɗe fiye da ƙima, yana tare hanyar zama da rarrafe da tafiya, kuma sau da yawa shi ne alamar farko da ke nuna ƙwaƙwalwa ta samu wani rauni. Uwar da ta san abin da take kallo takan riga kowa ganewa.

Da farko, ki daidaita lissafin watanninsa

Duk lokutan da za a ambata a nan na yaron da ya cika watanninsa ne a ciki. Idan bakwaini ne, ki cire makonnin da ya rage bai cika ba. Yaron da aka haifa saura wata biyu, ranar da ya cika wata shida a duniya, a wajen motsi ɗan wata huɗu ne, da haka za a auna shi. Likitocin yara suna wannan ragi har yaro ya kai shekara biyu. Iyaye da yawa suna tayar da hankalinsu a banza saboda sun gwada bakwaini da ɗan maƙwabta da aka yi suna tare.

Sai ki san motsin da lokacin tafiyar kowanne

Zaburar nan ta ware hannuwa ita ce aka fi sani. Wani likitan yara ɗan Ostiriya mai suna Ernst Moro ne ya yi bayaninta a 1918, kuma da sunansa likitoci ke kiranta har yau. Tana fitowa idan jariri ya ji kamar zai faɗi, ko ya ji ƙara ba zato. Takan fara raguwa wajen wata uku zuwa huɗu, kuma bai kamata a gan ta ba bayan wata shida. Juyo da baki idan an taɓa kumatu yakan lafa wajen wata huɗu. Damƙar hannu takan saki wajen wata biyar zuwa shida, daidai lokacin da yaro ke fara miƙa hannu ya ɗauki abin da ya gani ya kai baki. Ta yatsun ƙafa kuwa, wadda suke lanƙwashewa idan kin danna ƙarƙashinsu, takan kai wata tara zuwa shekara, ta tafi gab da fara tsayuwa.

Akwai wanda ya fi waɗannan muhimmanci wajen girman yaro, amma iyaye ba su cika lura da shi ba. Ki kwantar da jariri ɗan wata biyu rigingine, ki bar shi ya juya kansa dama. Za ki ga hannun dama da ƙafar dama sun miƙe, na hagu sun lanƙwashe, kamar maharbi ya ja baka. Wannan motsin wuya ne, kuma yana da amfaninsa, domin shi ke kawo hannun yaro gaban idonsa ya fara kallonsa. Wajen wata shida ya kamata ya kau. A jariri mai lafiya, ko a lokacin da motsin ke da ƙarfinsa, ba ya ɗaure shi. Zai shiga yanayin ya fita, ya motsa yadda ya ga dama. Idan kuwa duk sanda kai ya juya sai yaron ya maƙale a haka, ba ya iya fita sai an juya masa kan, wannan ba daidai ba ne a kowane wata.

Motsin wuya na biyu ba a haihuwar yaro da shi a fili. Yana bayyana ne wajen wata shida zuwa tara, lokacin da yaro ya fara durƙusawa a kan hannu da gwiwa. Idan ya ɗaga kai, hannuwa su miƙe, gindi ya koma kan dugadugai. Idan ya sunkuyar, hannuwa su karye, gindi ya tashi. Shi ya sa za ki ga yaro yana ta lilo gaba da baya kafin ya iya rarrafe. Cikin 'yan watanni, kafin ya cika shekara, yakan wuce wannan mataki.

Takawar da jariri ke yi idan an riƙe shi a tsaye ƙafarsa ta taɓa ƙasa tana ɓacewa wajen wata biyu, ba ta nufin zai yi saurin tafiya. Wata mai bincike a Amurka, Esther Thelen, ta nuna a shekarun 1980 cewa idan aka tsoma ƙananan jarirai cikin ruwa zuwa ƙirji, sai takawarsu ta ƙaru. Wato ƙibar cinya ce ta yi wa ƙafar nauyi. Wannan ya koya wa masana cewa ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke tafiyar da lamarin ba: nauyin jiki, ƙarfin tsoka da damar motsawa duk suna da hannu a ciki.

Kuma yayin da waɗannan ke tafiya, wasu na zuwa da za su zauna har tsufa. Mafi sauƙin gani shi ne tokarewa da hannu. Yaro ɗan wata bakwai da ke zaune, idan ya karkata gefe, zai kai hannu ya dafa ƙasa. Ɗan wata tara da aka sunkuyar da shi gaba a hannu zai miƙa hannuwa biyu ya kare fuskarsa. Rashin zuwan waɗannan yana da nauyi daidai da rashin tafiyar na farko.

Yadda za ki duba, ba tare da kin wahalar da shi ba

Ki haɗa dubawar da ranakun rigakafi, don kada ki manta: mako shida, mako goma, mako goma sha huɗu, wata shida, wata tara. Daren da za ki je, ko da safe kafin ki fita, ki shimfiɗa zani a kan tabarma, ki cire masa kaya masu nauyi. Ya kasance ya ƙoshi, ba ya jin barci, ba ya kuka, domin yaro mai kuka jikinsa a sandare yake ko da lafiyarsa ƙalau.

Ki fara da kallo kawai, na 'yan mintoci. Hannuwa biyu suna motsi daidai, ko ɗaya ya fi? Ƙafafu fa? Daga wata uku, hannuwansa a buɗe suke yawancin lokaci, ko kullum a dunƙule, babban yatsa a cikin tafi? Daga wata huɗu, yana haɗa hannuwa biyu a tsakiyar ƙirji yana wasa da su? Sannan ki ɗauki wani abu mai launi ki bi da shi a hankali daga dama zuwa hagu, ki ga ko kansa na juyawa ɓangarorin biyu, da yadda hannuwa ke yi idan ya juya. Bayan haka ki kifa shi. Ɗan wata biyu yakan ɗan ɗaga kai. Ɗan wata huɗu yakan tokara da gwiwar hannu ya ɗaga ƙirji. A ƙarshe ki mayar da shi rigingine, ki kama hannuwansa ki jawo shi a hankali kamar zai zauna. Daga wata huɗu zuwa biyar ya kamata kai ya taho tare da jiki, kada ya langaɓe baya.

Abu ɗaya da ba za ki gwada ba shi ne sakin kan jariri don ki ga zaburarsa. Likita yana yi da ƙwarewa, hannunsa na ƙasa yana tare kan. Ke za ki gan ta da kanta a rayuwar yau da kullum, wajen kwantar da shi ko idan wani abu ya faɗi. Abin da za ki lura shi ne ko hannuwa biyun suna warewa tare. Idan ɗaya ne ke tashi ɗayan yana kwance a gefe, musamman ga jaririn da ya zo da girma ko aka sha wahalar fito da kafaɗarsa, wataƙila jijiyoyin hannun sun ja, ko ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya tsage. Wannan na zuwa asibiti ne a cikin makon, ba na mai ɗori ba.

Idan kina da waya, ki ɗauki ɗan gajeren bidiyo, jikin yaron duka ya fito. Yara suna da halin ƙin yin abu a gaban likita, bidiyon zai yi magana a madadinki.

Alamomin da ba a jira da su

A nan ne nake so a fi tsayawa, domin a nan ake yin asara. Yaron da ya wuce wata shida yana zabura da ware hannuwa kamar sabon haihuwa. Wanda hannunsa ke dunƙule kullum bayan wata huɗu. Wanda wuyansa bai tsaya ba a wata biyar. Wanda ke sandarewa yana banƙarewa baya idan an ɗauke shi, har goyonsa yana yin wuya saboda ƙafafun ba sa buɗewa su kama ƙugu. Wanda ƙafafunsa ke miƙewa su harɗe ɗaya kan ɗaya idan an ɗaga shi tsaye. Ko akasin haka, wanda jikinsa ya saki lakaf yana zamewa daga hannu. Wanda ke ƙwarewa da nono a kai a kai, ko harshensa na turo abinci waje bayan ya wuce wata shida. Sai kuma wanda ya zaɓi hannu ɗaya tun kafin ya cika shekara. Mutane sukan yi dariya su ce bahago ne, alhali yaro ba ya zaɓar hannu da wuri haka, sai dai idan ɗayan yana da rauni.

Alama ɗaya ita kaɗai ba hukunci ba ce. Amma idan ta haɗu da tarihin haihuwa mai wahala, nauyinta ya ƙaru. Ki tambayi kanki: naƙudar ta yi tsawo? Ya yi kuka da aka haife shi, ko sai da aka sha fama? Ya yi ciwon shawara a makon farko, idonsa da jikinsa suka yi rawaya? Ya taɓa yin jijjiga, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa? A ƙasashenmu, rashin numfashi lokacin haihuwa da shawara mai tsanani suna kan gaba cikin abubuwan da ke jawo lalurar sandarewar gaɓoɓi ta sanadin raunin ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira sarebiral falsi. Shawarar jarirai tana da magani idan an kai da wuri, ana sa yaro ƙarƙashin wata fitila ta musamman. Ajiye shi a hantsi ko ba shi ruwan gulukos ba ya maganinta. Kuma a nisanta kafur daga kayan jariri, domin akwai yara da yawa da aka haifa da wani ƙarancin sinadari a jini, wanda kafur ke sa jininsu ya farfashe shawarar ta tsananta.

Ina roƙon kakanni da surukai su taimaka a nan. Idan yarinya ta ce ɗanta ba daidai yake ba, kada a ce mata rashin sabo ne, ko ubansa ma sai da ya shekara biyu ya taka. Kada kuma a laƙaba wa yaro sunan ɗan ruwa a rufe shi a ɗaki. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti a ranar. Ƙwaƙwalwar jariri a shekaru biyun farko ta fi kowane lokaci iya buɗe sababbin hanyoyi, kuma watannin da aka ɓata ana jira ba sa dawowa.

A gefe guda, kada kowane ɗan jinkiri ya firgita ki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi yara masu lafiya a ƙasashe biyar, Gana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. An samu masu zama da kansu tun kafin wata huɗu, an samu waɗanda sai bayan wata tara. Tafiya kuwa daga wata takwas har kusan wata goma sha takwas. Kimanin yara huɗu cikin ɗari ba su yi rarrafe a kan hannu da gwiwa ba sam, wasu jan gindi suka yi, kuma duk suka taka. Ma'aunin da za ki riƙe shi ne: bai zauna da kansa ba a wata tara, ko bai taka ba a shekara ɗaya da rabi, a duba shi. Haka nan duk yaron da ya iya wani abu sannan ya daina.

Abin da za ki yi a gida kullum

Motsin jarirantaka yana kaucewa ne idan yaro ya samu damar yin motsi na kansa, kuma wurin yin hakan shi ne ƙasa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya samu aƙalla minti talatin a kife kowace rana, a rarrabe, yana farke kuma ana kallonsa. Ki fara tun makonnin farko a kan ƙirjinki: ki kishingiɗa, ki kifa shi, ki riƙa yi masa magana, zai ɗaga kai ya nemi fuskarki. Daga nan ki koma kan cinya, sannan tabarma. Minti biyu ko uku bayan kowane canjin kunzugu sun isa farawa. Idan yana kuka, ki naɗe ɗan tawul ki sa ƙarƙashin ƙirjinsa, hannuwansa a gaba, ke kuma ki kwanta fuska da fuska da shi. Barci kuwa a rigingine, ko da yaushe. Kifa jariri ya yi barci yana ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya.

Ki riƙa sauya gefen da kike kwantar da shi da hannun da kike ɗaukarsa, don wuyansa ya saba da ɓangarorin biyu. Ki riƙe abin wasa a tsakiyar ƙirjinsa don ya kawo hannuwa biyu. Ki kama ƙafarsa ɗaya ki ketarar da ita a hankali, ki jira shi ya ƙarasa juyin da kansa. Ki bar ƙafarsa ba safa ba takalmi a cikin ɗaki.

Goyo alheri ne. Yaron da ke baya yana jin kowane sunkuyo da juyi na uwarsa, wuyansa da bayansa suna aiki, cinyoyinsa a buɗe yadda ƙugu ke so. Sai dai shawarar nan ta 2019 ta ambaci goyo cikin abubuwan da bai kamata a riƙe yaro a cikinsu fiye da awa ɗaya a jere ba. Uwa mai daka da girki da talla ba kullum za ta iya kiyaye wannan ba, amma duk sanda kika samu sarari, ki kwance majanyin ki sauke shi ya yi birgima. Haka zaunar da yaro a cikin roba ko kwali da tsummokara: na ɗan lokaci bayan wuya ya tsaya ba laifi, amma kada ya wuni a ciki. Miƙar gaɓoɓi a hankali lokacin wanka ba ta da illa. Cilla jariri sama ko riƙe shi da ƙafa kai a ƙasa, wannan a bari.

Keken zamani da ake zura yaro a ciki ƙafafunsa na reto, ni ban ga amfaninsa ba. Ba ya sa yaro saurin tafiya, yana koya masa ɗage, yana kuma kai shi ga murhu da ruwan zafi da matakala cikin ƙiftawar ido. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Keken katako mai ƙafa uku da yaro ke turawa ya fi shi, bayan yaron ya iya miƙewa da kansa yana dafa bango.

Idan kin je asibiti

Ki fara da likitan yara, ki tafi da katin rigakafi da bidiyon, ki faɗi tarihin haihuwar ba tare da ɓoye komai ba, har da abin da aka ba shi a gida. Ki nemi a tura ku sashen gashi, wato fisiyo. Manyan asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Maiduguri, suna da wannan sashe. Ba lallai ne a jira an tabbatar da sunan ciwon kafin a fara gashi ba. Abin da za a koya miki, yadda za ki ɗauke shi, ki zaunar da shi, ki ciyar da shi, ki yi wasa da shi, shi ne ainihin maganin, domin ke ce ke tare da shi sauran kwanakin mako. Ki sa mai gashin ya kalle ki kina yi ya gyara miki, maigida ma ya zo ya koya. A kuma duba gani da ji, musamman ga wanda ya yi shawara, don tana taɓa kunne.

Yaron da ya riga ya shiga makaranta

Yanzu a intanet ana ta yaɗa cewa ragowar motsin jarirantaka ne ke jawo rashin iya karatu, ƙiriniya, rashin nutsuwa da fitsarin kwance, ana sayar da darussan motsa jiki da tsada. Tunanin ya yi ƙarfi ne daga wata cibiya da aka kafa a garin Chester na Ingila a 1975. Akwai kuma binciken da aka yi a Belfast, mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2000, kan yara sittin masu matsalar karatu, inda waɗanda suka yi wani tsarin motsi na shekara guda suka samu ci gaba. Amma yara sittin ba su isa a gina hukunci a kansu ba, kuma ana samun ɗan ragowar motsin nan a jikin yara da yawa masu lafiya da ƙoƙari a aji. Samun abubuwa biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗayan. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi gargaɗi a 1982, ta sake a 1999, kan wani tsari makamancin wannan na maimaita wa yaro motsin rarrafe, ta ce babu hujjar da ke goyon bayansa, ga wahalar da yake ɗora wa iyali.

Idan ɗanki yana yawan tuntuɓe, yana kwanciya a kan benci in zai yi rubutu, yana danna biro har takarda ta yage, ko ya kasa tsayawa da ƙafa ɗaya a shekara biyar, ki fara da abubuwan da aka san suna jawo haka kuma suna da magani: a gwada idonsa, a gwada jinsa, a duba jininsa da abincinsa da barcinsa. Sannan likitan yara ko mai gashi ya auna motsinsa. Abin da ya fi tabbata shi ne yaro yana ƙwarewa a abin da yake maimaitawa. Mai matsalar rubutu ya yi ta zane da rubutu, a allo, a yashi, a takarda. Mai matsalar daidaito a sake shi ya yi langa, 'yar gala-gala, tsallen igiya da gare. Carafke kuwa tana horar da ido da yatsu tare, ki fara masa da duwatsu uku manya, in hannunsa ya faɗa ki ƙara yawansu ki rage girmansu.